Yadda muka aurar da 'yarmu a gidan Valentines

Yarinyar a hannuna ta tashi. Yayana ne ya ba ni riƙonta tun tana ƙarama, na taho da ita Ilford, a gabashin Landan. Don haka da maganar aurenta ta taso, ba a ma tsaya tambayar wa zai yi zirga-zirga ba, kowa ya san Gwaggo ce. Ni a raina na riga na gama tsari: mu kama ɗaya daga cikin manyan zaurukan biki da 'yan Indiya da Fakistan suka cika yankin nan da su, a zuba shinkafa, a yi liƙi, a watse. Sai ta ce, "Gwaggo, ni fa a Valentines nake so a yi." Na ce a filin wasan? Ta ce a'a, a gidan da ke ciki.

Duk wanda ya zauna a Ilford ya san filin shaƙatawa na Valentines, mai faɗin wajen hekta 50, da tafkinsa da agwaginsa. Gidan yana can ƙuryar arewa, tafiyar 'yan mintoci daga tashar Gants Hill. Bene ne na bulo, da manyan tagogi, da wata rumfa mai ginshiƙai a ƙofar shiga inda keken doki yake tsayawa ya sauke baƙi a da. An gina shi wajen 1696 don Elizabeth Tillotson, matar shugaban limaman cocin Ingila wanda ya rasu a 1694. Yanzu mallakar ƙaramar hukumar Redbridge ne, ana buɗe shi ga masu ziyara a wasu ranaku, ana kuma ba da hayarsa don aure da taruka. Shekara da shekaru ina wuce shi da 'yar jakar burodin da yara ke jefa wa agwagi, ban taɓa leƙawa ciki ba sai da wannan magana ta taso.

Matakin farko shi ne a rubuta musu a nemi ranar zuwa duba wuri. Muka je ni da amarya da wata ƙawarta. Aka zaga da mu ɗaki-ɗaki: falon da ake zaman ɗaurin aure, mai kallon lambu, da tsohon ɗakin girki da aka mayar yadda yake a zamanin Sarauniya Biktoriya, da matakalar katako da ke ƙara idan an taka. Amarya sai ɗaukar hoto take yi. Ni kuwa idona yana kan kujeru, ina ƙirgawa a zuci. Da aka faɗa mana iyakar mutanen da doka ta yarda su zauna a ɗakin, na yi shiru, don ko rabin sunayen da na riga na rubuta a gida bai kai ba. Na tambaya ko za a iya ƙara kujeru kaɗan a bayan ɗaki, yara kuma su zauna a cinya. Cikin fara'a aka ce mini adadin ba nasu ba ne, na ka'idar kashe gobara ne, kuma jinjiri ma rai ne.

Kafin mu fito na tsaya karanta allunan tarihin gidan, kuma abin da na gani ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Wanda ya tsara lambunan da ake yabo, da doguwar magudanar ruwa da ɗakin tattabaru da kogunan duwatsu na ado, wani ne Robert Surman da ya sayi gidan a 1724. Mataimakin ma'aji ne a kamfanin South Sea, wanda hannun jarinsa ya rushe a 1720 ya talauta dubban mutane. Kamfanin nan shi ke riƙe da kwangilar kai bayi daga Afirka zuwa ƙasashen da Sifaniya ke mulka a nahiyar Amurka. Bayansa sai Charles Raymond a 1754, wanda ya yi dukiyarsa a jiragen kamfanin East India. Shi ya dasa wata kurangar inabi a nan a 1758, aka yanki reshenta aka kai fadar Hampton Court a 1768, kuma har gobe waccan tana 'ya'ya. Mace ta ƙarshe da ta zauna a cikinsa a matsayin gidanta, Sarah Ingleby, ta rasu a 1906, hukuma ta saye shi a 1912. Daga nan ya ga rayuwa: ya sauki 'yan gudun hijirar Beljiyam a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zama ofisoshin hukuma har farkon shekarun 1990, ya zauna a kulle yana lalacewa, sannan aka gyara shi aka sake buɗewa ranar 14 ga Fabrairun 2009.

Da na ba Yaya labari a waya, ba maganar bayi ce ta tsaya masa ba. Cewar da na yi wani kaso na kuɗin gyaran daga asusun cacar ƙasa ya fito, ita ce ta sa ya ce in dakata tukuna. Ya je ya tambayi malaminsa a Kano, ya dawo da amsar cewa mu haya muka kama da kuɗinmu na halal, ba caca muka shiga ba. Da na ƙara masa da cewa gidan ya haura shekara ɗari uku, sai ya yi dariya ya ce, "To ai Gidan Rumfa ya girme shi da shekara ɗari biyu, kuma har yau da mutane a ciki." Ni dai tsakanin kuɗin caca da kuɗin bayi, na san wanda ya fi yi mini nauyi. Amma na ga babu laifi jikokin 'yan Afirka su shigo ta ƙofar gaba da goggoro, a miƙe musu tsaye.

Inda aikin yake da gaske shi ne wajen doka, kuma a nan ne mutanenmu da yawa ke tuntuɓe. Kama ɗaki daban, samun ma'aikatan rajista da za su zo su ɗaura auren hukuma daban. Gidan yana da lasisin a ɗaura aure a cikinsa, irin lasisin da dokar 1994 ta ba da damar a ba otal-otal da tsofaffin gidaje, amma ba shi ke ɗaurawa ba. Sai ka samu ranar da gidan yake a sake, ka ruga ofishin rajista ka ji ko suna da mutum a wannan rana da wannan sa'a, sannan ka dawo ka ba da kafin alƙalami. In ka biya ɗaya kafin ka tabbatar da ɗayan, kana iya tashi da ɗaki ba mai ɗaurawa. Mun so ƙarfe uku na yamma don mutanenmu su samu sararin makara, muka samu sha biyun rana.

Bayan haka sai sanarwar aure. Ango da amarya su je da kansu, ba wakili, da fasfo da shaidar inda suke zaune, kuma sai kowannensu ya yi aƙalla kwana bakwai a gundumar da zai ba da sanarwar. Ana kafe sunayensu kwana 28 don mai ƙorafi ya fito. A jikin sanarwar ake rubuta sunan wurin da za a ɗaura, saboda haka in daga baya aka sauya wuri, sai a sake sabuwa a sake biya. Namu ya ɗan fi haka tsawo, don angon ɗan Katsina ne da ke nan da bizar aiki. Irin wannan dole su je tare, da hotunansu, a tura bayanansu Ma'aikatar Cikin Gida, wadda ke da ikon tsawaita jiran zuwa kwana 70 in ta ga dama ta binciki ko auren na gaskiya ne. An shigar da su ɗaki ɗaya bayan ɗaya ana yi musu tambayoyi. Amarya ta fito tana dariya, wai an tambaye ta cikakken sunan ango da ranar haihuwarsa, ita kuma tun da aka sa rana ta daina kama sunansa a gabana. Wasiƙa ta zo daga baya cewa ba za a yi bincike ba.

Wasu daga cikin ƙawayena sun ce mini duk wannan wahalar ta mece ce, a ɗaura a masallaci kawai mana. Na ce musu ba da 'yata ba. A Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar wata mata da aka ɗaura mata aure na Musulunci kaɗai, ta zauna da mijin shekaru masu yawa har da 'ya'ya, aka ce a idon doka babu auren da za a raba, balle a yi maganar rabon dukiya. Limamin da muka je wa ma, kafin ya ba mu rana, sai da ya nemi ganin shaidar cewa mun kama ranar rajista. A gundumar da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta Musulmi ne a ƙidayar 2021, ya ga irin waɗannan matsaloli sun ishe shi.

Sai dai auren hukuma ba ya ɗaukar addini ko kaɗan. Ba Fatiha, ba aya, ba waƙar yabo, har kiɗan da za a sa lokacin shigowar amarya sai an tura musu sun duba. Wannan shi ya tilasta mana raba bikin gida uku. Juma'a bayan an sauko, ɗaurin aure a masallaci, da waliyyi da wakili da sadaki da goro da alawa, duk namijin da ya ga dama ya zo. Asabar a Valentines, da ƙidayayyun mutane. Lahadi wunin mata a wani zauren unguwa, inda ba mai tambayar kowa kati.

Rubuta sunayen Asabar ɗin nan shi ne abin da ya fi komai cin raina. A wurinmu ba a ƙirga 'yan biki. Wanda ka gaya wa zai zo da matarsa, ita ta zo da ƙanwarta, ƙanwar ta zo da maƙwabciya, kuma duk albarka ce. Yanzu ga ni da biro ina soke sunan matar da ta zauna da ni a asibiti ranar da aka yi mini aiki, don in sa kawun ango da ban taɓa gani ba. Yaya ya kira ya ce abokansa uku da ke Birmingham za su zo. Na ce, "Yaya, babu kujera." Ya ce, "Su tsaya a tsaye mana, ai ba baƙi ba ne." Na ce ko tsayuwar ma a ƙirge take. Ya yi shiru, can ya ce, "Wato a ƙasar nan har zumunci sai da tikiti." Ƙarshe muka raba kujerun biyu daidai tsakaninmu da dangin ango, kowa ya je ya ji da nasa rigimar. Waɗanda na soke, ban tura musu saƙo ba. Gida-gida na bi da ƙafata, da ledar anko a hannu, ina ba da haƙuri ina jaddada musu Lahadi.

Takardar sharuɗɗa kuma ta zo da nata. Gidan yana cikin gine-ginen da gwamnati ta yi wa rajistar kariya, a mataki na biyu mai tauraro, wato cikin masu muhimmanci na musamman, kuma a dokar 1990 taɓa irin wannan gini ba izini laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Don haka abin da duk tsohon gida irin wannan ke hanawa, nan ma an hana: ba buga ƙusa, ba manna ado a bango, ba wuta mai harshe. Mai kwalliyar da muka ɗauka ta saba lulluɓe bango da yadi daga sama har ƙasa ta rataya fitilu, sai ga shi an ce duk abin da za ta kawo ya tsaya da ƙafarsa. Ta yi ta mita. Ni kuwa da na ga ɗakin ranar, da furanni kawai a kan tebur da hasken taga, na gode wa wanda ya hana ta.

Turaren wuta ne ya ba ni ciwon kai. Amaryar Hausa ba turare, ai ba a gama shiri ba. Na tambaya ko kaskon lantarki zai yi tunda ba garwashi, amma matsalar hayaƙin ce, don na'urar da ke manne a rufi ba ta san bambancin sandal da gobara ba, kuma in ta yi kuka sai kowa ya fita waje har a tabbatar lafiya. Abin da muka yi, daren Juma'a muka kafa kabbasa a ɗakina, muka turara kayan amarya ɗaya bayan ɗaya, da lafaya da mayafi da ɗankwali har da hankici, muka ninke su da zafinsu muka ɗaure a leda. Da safe aka bi ta da humra. Da ta shigo ɗakin, ƙamshin ya riga ta isa gaba, har ɗaya daga cikin ma'aikatan rajistar ta tambaye ni daga baya a wane kanti ake sayar da shi.

Abinci ma sai da aka yi lissafi. Ba a girki a wurin yadda muka saba, kuma mai kawo abinci sai ta nuna inshora da shaidar tsafta, wato makin nan daga sifili zuwa biyar da hukuma ke ba masu sayar da abinci. Matar da na fara yi wa magana, wadda duk Hausawan yankin ke yabon wainarta, ta yi ta ce mini takardun suna zuwa har lokaci ya ƙure, ashe ba ta da su. Muka koma wa wata mai rajista, ita kuma muka bar wa waccan girkin Lahadi don kada a ɓata. Na cire miyar manja da zoɓo daga jerin Asabar da kaina, ba wanda ya sa ni. Na san hannun yaranmu, na kuma ga daɓen katakon. Aka tsaya a kan waina da miyar taushe a ƙananan kwanuka, da dambun nama, da gasasshen kaza, da kunun aya, sai alkaki da dubulan da nakiya da uwar amarya ta aiko da su cikin kayan Yaya.

A katin gayyata na rubuta ƙarfe goma da rabi, alhali sha biyu ne. Ma'aikatan rajista suna da wani auren a wani wuri bayan namu, ba sa jiran kowa. Duk da haka akwai wadda ta iso ana tafi.

Kafin a fara, aka keɓe da ango, sannan da amarya, aka sake bin bayanansu. Tun watan Mayun 2021 ana rubuta sunan uwa a takardar aure, ba na uba kaɗai ba kamar da, kuma amarya ta tabbatar an rubuta na mahaifiyarta daidai, harafi da harafi. Sai aka shigo. Abin da ban shirya wa Yaya ba shi ne wannan: a auren hukuma amarya da bakinta take magana. Jiya a masallaci ba ta ma je ba, shi ya bayar, wakilin ango ya karɓa. Yau ga ta tsaye a gaban ubanta da surukanta, an ce ta maimaita da ƙarfi cewa ba ta san wani dalili da zai hana ta auren wane ba, sannan ta kama sunansa cikakke ta ce ta karɓe shi a matsayin miji. Muryarta ta shige ciki, ma'aikaciyar ta ce ta ɗan ɗaga don shaidu su ji. Yaya ya sunkuyar da kai yana gyara bakin babbar rigarsa da ba abin da ya same ta. Ƙanwar uban ango ta ja mayafi ta rufe baki. Da aka gama, wata tsohuwa daga baya ta rangaɗa guɗa, ɗakin ya ɗauka, ma'aikaciyar ta ɗan zabura sannan ta yi dariya. Shaidu biyu suka sa hannu, ni da yayan ango. Duka-duka bai fi rabin sa'a ba. Sai da ma'aikatan suka tattara takardunsu suka tafi, sannan Yaya ya ɗaga hannu aka shafa Fatiha.

Da muka fito lambu ɗaukar hoto ne na ga abin da ban tsara ba. Gidan muka kama, amma filin na kowa ne, ba mai hana kowa shiga. Waɗanda na bi gida-gida ina ba haƙuri, da yawansu ga su nan a kan ciyawa can gefe, cikin ankonsu, sun shimfiɗa tabarmi da kulolin abincinsu kamar sauran iyalan da suka fito shan iska. Abokan Yaya na Birmingham ma suna ciki. Bikin farar kaza, balbela ba gayya. Amarya ta tattare lafaya ta nufe su, mai hoto yana bin ta da gudu, aka yi ta hotuna a bakin lambun wardi da gaban ɗakin tattabaru. Masu yawo da karnuka suna tsayawa suna taya murna, wata dattijuwar Baturiya ta roƙi a ɗauke ta da amarya. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan tara na dare, don haka azahar da la'asar duk a wurin suka same mu. Na zo da butoci da tsofaffin tawul na shimfiɗa a banɗaki saboda ruwan alwala, maza suka yi sahu a kan ciyawa suna fuskantar kudu maso gabas.

Liƙi kaɗan aka yi, a tsaye a waje, da dala ɗai-ɗai da wani ya canjo, tunda ƙaramar takardar kuɗin Ingila fam biyar ce kuma ba mai wannan ƙarfin halin. Na sa yara biyu suna bi suna tsincewa kafin iska ta kai su tafki. Kalangu da rawa sai Lahadi.

Lokacin tashi a rubuce yake, kuma ya haɗa da kwashe kaya. Tun da sauran sa'a guda na fara bin mutane ina cewa a yi haƙuri a miƙe, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba a rayuwata. 'Yan matan amarya suka tuɓe takalma masu tsini suka shiga tattara kwanuka, samarin ango suka yi ta jigilar kuloli zuwa mota. Muka zaga ɗakunan da ma'aikacin wurin yana dubawa, ya sa hannu, na sa. Kuɗin ajiyar da aka riƙe saboda ɓarna ya dawo cif bayan 'yan makonni. Takardar auren kuma ba a ba da ita a ranar, sai an shigar da bayanan a rajistar kwamfuta sannan a nema. Na sa sun karɓi kwafi uku, ɗaya na wurinsu, ɗaya na wurina, ɗaya kuma Yaya ya ce a aika masa Kano.